Ƙwaryar tsamiyar da na sha ranar gayya

Jama'a, shekara hamsin ina ɓoye labarin nan don nauyinsa nake ji. Yau dai bakina ya ƙi rufuwa, saboda likita ya duba ƙodata ya ce lafiyarta ƙalau. Murna kamar in taka rawa.

Ina saurayi a Kademi, lokacin Naira tana sabuwar fitowa, aka kira gayya a gonar Baba Sale, mahaifin Hanne da nake nema da aure. Na ƙudurta ba wanda zai riga ni kaiwa ƙarshen gona a gabansa.

Tsofaffi kan ce jiƙon tsamiya yana sa jiki sakayau. Ludayi biyu suke nufi. Ni sarkin wayo na jiƙa ta kwana biyu, na matsa lemon tsami, na shanye ƙwarya guda da sassafe, cikina wayam.

Na kuwa yi noma! Makaɗa suna wasa ni, garma tana tashi kamar cokali. Ni na riga kowa.

Da la'asar gudawa ta ɓarke.

Washegari cinyoyina suka sandare, fitsarina ya koma kalar zoɓo. Nan tsoro ya kama ni sosai.

A amalanke aka kai ni Gaya, daga ɗakin shan magani aka tura mu asibiti a Kano. Ƙarin ruwa kwalba bayan kwalba, kullum a ɗebi jini, a auna fitsari. Babana ya sayar da akuyarsa.

Likita ya ce tsamiyar ta wanke ruwan jikina, ni kuma na ɗora aikin ƙarfi cikin rana, saura kaɗan ƙoda ta tsaya.

Kwana goma ina kwance, abin da ke cina shi ne Baba Sale zai ce ba ya ba raggo 'yarsa.

Ranar da fitsarina ya washe, sai ga shi da kansa a bakin gado.

"Ɗana, gonata ta nomu," in ji shi. "Amma 'yata miji mai rai take so."

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Baba Sale da babana, ya saka wa ma'aikatan jinyar nan.

Matasa masu motsa jiki, ku sha ruwan 'ya'yan itace daidai kima, ku ci abinci, ku sha ruwa. In fitsari ya canza kala, ku nufi asibiti.

Har yau in Hanne ta dama kunun tsamiya, ita ke riƙe ludayin.