Neman Rugar Su Kofur Buba

Cikin shekarun da na yi a ofishin walwalar sojoji, ranar da har yau ba ta fita daga raina ba ita ce wata Alhamis ta farkon damina. Lokacin ina Sajan. Aikin ofishinmu shi ne tsayawa tsakanin soja da iyalinsa: mu ke riƙe da takardun magada, mu ke bin albashin wanda ya tafi aiki waje, mu ke kai labari gida idan wani abu ya faru.

Ran Laraba da la'asar Manjo, shugaban ofishinmu, ya kira ni. Ya ce motar yaranmu da ke aikin wanzar da zaman lafiya a wata ƙasa ta taka nakiya. Biyu sun rasu. Kofur Buba yana asibiti, an yanke masa ƙafar hagu, amma yana magana.

"Kai ɗan Gumel ne, ko?"

"E, Yallaɓai."

"To kai za ka je. Ka san ƙa'ida."

Ƙa'idar ita ce irin wannan labari ba a ba da shi ta waya, ba a kuma aika shi ta bakin wani. Sai ka zauna da wanda sojan ya rubuta a takardar magada. Buba ya rubuta mahaifinsa, Malam Sale, a wata ruga yamma da Gagarawa Tasha. Lambar da ya bari kuwa a kashe take.

Da sassafe na isa Gumel, na ari babur ɗin ƙanena, na kama hanya. Na sami wurin, amma babu kowa. Sai shingen ƙaya da turakun maruƙa. Wani manomi da ke shukar gero ya ce, "Ai tun ruwan farko suka tashi, gonaki sun matse su. Sun yi wajen Sule Tankarkar."

A Sule Tankarkar na tsaya tambaya wurin mai shayi. Da ya ji na ambaci sunan Kofur Buba, sai ya miƙo mini wayarsa. Hoton ƙonanniyar mota ne, da sunaye a ƙasa, an ce duk sun mutu. Sunan Buba na ciki.

"Tun jiya yake yawo," in ji shi.

Shayin da ya zuba mini ban ko taɓa shi ba. Na koma gefe na kira Manjo, na roƙe shi ya bar ni in aika saƙo ta bakin Arɗon yankin cewa Buba yana da rai.

"Ba ni da ikon ba ka wannan izini, Sajan. Ka same su."

Sai na tuna ranar kasuwar Maigatari ce. Na shiga kara, inda ake cinikin dabbobi, ina bin dillalan shanu ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tura ni wurin wancan, rana tana ta yi. Daga ƙarshe wani dattijo ya ce, "Sale? Bai zo ba yau, an yi masa rasuwa." Ya kwatanta mini hanya, daf da iyaka.

Bayan la'asar na isa. Maza na zaune a kan tabarmi, matar Buba har ta shiga takaba. Da mata suka hango kaki, kuka ya tashi sabo. Ko gaisuwa ban yi daidai ba, na durƙusa gaban Malam Sale.

"Baffa, Buba yana da rai."

Ya dube ni. "Ɗana, kada ka yi mini haka."

Na ciro waya na buga lambar asibitin. Layin Nijar ne ke ta shigowa, namu ya ƙi. Sai da na hau kan wani suri, kira na huɗu ya shiga. Na yafito tsohon na miƙa masa. Ban jin Fillanci, amma na ga ya zame ya zauna a ƙasa yana maimaita sunan ɗansa.

Da aka natsu na gaya masa maganar ƙafar. Na yi masa bayani cewa albashi ba zai tsaya ba, akwai alawus na aikin waje, akwai kuma diyyar rauni. Ya saurara har na gama.

"A rediyo na ji an ware kuɗi masu yawa domin tsaro," ya ce, "har an ce akwai motocin da nakiya ba ta fasawa. A cikin irinsu yake?"

Na san buɗaɗɗiyar mota ce ta ɗaukar kaya. Na ce, "A'a, Baffa."

Ya gyaɗa kai. "To, ka gaya wa manyanku na tambaya."

Na rubuta tambayarsa a rahotona yadda ya faɗe ta. Har na yi ritaya ban ga amsa ba.

Ku da kuke ofishin yanzu, ga abin da na koya. Mukan je gidajen nan da bayanin haƙƙoƙi a baki, muna zaton shi ake jira. Iyaye suna jin abin da ake faɗa a rediyo kamar kowa, kuma suna so su san yadda aka tsare ran ɗansu kafin a yi musu maganar diyya. In sun tambaye ku, ku faɗa musu gaskiya, sannan ku kai tambayar sama, ko da kun san ba za a amsa ba.