Ƙirgan Taku a Kufanmu

Shekarar da idon Baba ya gama rufewa, bayan an ɗaure gero an zuba a rumbu, ya aiko mini saƙo garin Gazawa cewa in zo, yana da tafiya. Ina aikin unguwarzoma a likita, wato asibitin garin, hutuna kwana ɗaya ne a mako, shi ma wanki ke cinye shi. Na kira salular maƙwabcinsa na ce a miƙa masa, na tambaye shi wace irin tafiya ce makaho zai yi da ba za ta iya jira ba. Haka nake, bakina yana riga hankalina. Bai yi fushi ba.

"Uwata," in ji shi, "tsohon gari za mu tahi. So nike in gwada miki kushewar mai sunanki tun ina iya takawa."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa tun ina goye bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata. Ban san ta ba. Ta rasu kafin a haife ni, tun mutanenmu suna tsohon gari, kafin ruwa ya ci rijiya da rabin gidaje, a kwashe a koma tudu. Yau wurin kufai ne, ko kangon ɗaki babu.

A maƙabartar kufan babu kabari mai alama. Ana ɗora fasasshiyar tukunya a kai, shanu su tattake, damina biyu ta shafe tudun. Abin da kowane gida yake riƙewa shi ne ƙirga: ka tsaya wuri kaza, ka fuskanci gabas, ka yi taku kaza. Kuma ba a faɗin adadin a zaune a zaure. Sai an kai mutum can ya taka da ƙafarsa, sannan a ce masa ya riƙe. Ranar da aka rufe kakata, Baba da yayansa ne suka ƙirga. Yayan ya rasu. Ƙannena maza biyu, ɗaya yana Agadas, ɗaya ya ƙetare iyaka neman kuɗi, kowa sai ya ce baɗi. Na tuna wa Baba cewa ni mace ce, ba a saba ganin irinmu a maƙabarta ba. Ya ce an daina binnewa a can tun ba a yaye ni ba, kuma ba shi da wani.

Na hau moto, wato babur, na isa ƙauye da yamma. Washegari muna idar da sallar asuba muka fita. Na ɗauki gorar ruwa da fura a ƙwarya, shi kuma sandarsa. Na so a ɗaura jaki a amalanke, ya ƙi. Hanyar tudu ta zama gonaki da shingen ƙaya, in ji shi, ta cikin kwazazzabo za mu bi.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ɗauka shimfiɗaɗɗiya ce daga nan har inda ido ya tsaya. Kana tafe cikin kara da sabara, sai kawai ƙasa ta buɗe a gabanka. Ruwan damina ne ya yi wannan aiki. Muka gangara ta inda awaki ke bi, ina riƙe da shi, yana jan gindi. A ƙasa yashi ne fari mai sanyi. Da farko akwai faɗi, amalanke biyu za su wuce, amma da muka ƙara gaba sai bango ya matso, ya yi tsawo har ya fi soron masallaci. Akwai inda na miƙa hannuwa na taɓa gefe biyu lokaci guda. Sama ta koma ɗan siririn tsagi. Saiwoyin kalgo sun zubo ta bango suna reto, ƙasar kuma hawa-hawa, ja a sama, fara a tsakiya, can ƙasa baƙa-baƙa. Tsuntsaye sun huda ramuka a jikinta.

Ni ce na tsorata, ba shi ba. Da ya sa tafin hannunsa a bango sai ya sake ni, ya shiga gaba, har ina sassarfa kafin in kamo shi. Nan na gane dalilin da ya zaɓi hanyar: a cikin kwazazzabo makaho ba ya ɓata. Yana tafe yana ba ni labari, wai suna yara tsallake shi suke yi, wanda ya faɗa ciki ko gwiwa ba ya gurjewa. Na ce lalle yaran da ƙafafun raƙumi gare su. Ya yi dariya, ya ce in ci gaba da rashin kunya, ai ni uwa ce, ba ya iya rama mini.

Da hantsi muka fito wani wuri mai faɗi kamar masussuka, inda kwazazzabon ya yi gwiwa. Bangon gabas yana ba da inuwa. Na shimfiɗa masa gyalena, na dama fura, muka sha. Na miƙe ƙafa ina mita kan ciwon baya da yawan masu haihuwa a watan nan. Ya saurare ni yana taunar goro.

Daga nan kaɗan muka sha kwana, sai ga kadarkon. Tun ina ƙarama nake jin labarinsa, ban taɓa gani ba. Ba mutum ya gina shi ba. Falalen marmara ne guda, ja wur, ruwa ya kasa cinsa, sai ya haƙe ƙarƙashinsa ya wuce, ya bar shi a rataye daga wannan gaɓa zuwa waccan. Na tsaya ina kallo ina tasbihi. Baba ya ɗaga sandarsa iya tsawon hannu don ya taɓa cikinsa, sandar ba ta taɓa komai ba. Ya sake gwadawa. Ya ce da can sai an sunkuya ake shiga. Na faɗa masa gaskiya, cewa yanzu mai raƙumi zai wuce bai duƙa ba. Daga nan bai ƙara ba ni labari ba.

Muka hau ta gefen yamma da ƙyar, muka ƙetare kadarkon ina gaba yana dafe da kafaɗata. Ban kalli ƙasa ba. A ɗaya bakin ya laluba da sanda har ya samu inda marmara ta ƙare ƙasa ta fara. Ya daidaita dugadugansa a nan, ya ɗaga fuska yana juyawa a hankali har rana ta sauka a goshinsa.

"Nan ne gabas. Kama hannuna, ki taka yadda nike takawa."

Sai ya buɗe ƙafa ya yi wani dogon taku da ban san yana da shi ba. Ya ce da ƙafar ɗan shekara talatin aka ƙirga, ba da ta tsoho ba. Yana takawa yana ƙirgawa a fili, ina maimaitawa.

Muna cikin ashirin da wani abu na ɗaga kai na ga abin da shi ba zai gani ba. A gabanmu ƙasa ta ƙare. Gwiwar nan ta kwazazzabo ta cinyo gaɓar ta baya, ta bar mana ɗan tsibirin tudu. Ban san adadin ba, don haka na shiga roƙon Allah a zuci ya sa ƙirgan ya cika kafin bakin ramin. Talatin. Talatin da biyar. Baba bai rage tsawon takunsa ba, muryarsa ma ba ta nuna ya kusa ba.

A talatin da takwas na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ja hannunsa a hankali zuwa hagu, kaɗan-kaɗan, don mu bi gefen ramin. Na ce a raina, in ƙirgan ya cika a kan ƙasa mai ƙarfi, zai durƙusa ya yi addu'arsa, ya koma gida da sanyin zuciya, Allah kuma ya san inda kakata take. A wurin aiki na sha yi wa mata irin wannan, in ce saura kaɗan alhali da sauran aiki.

Ya bi ni taku huɗu, sai ya tsaya cak.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Rana ta bar goshina. Ga ta nan a kunnen dama. Mi kika gani?"

Na yi niyyar cewa ƙaya na kauce wa. Kafin in faɗa ya zare hannunsa daga nawa, ya juya har rana ta dawo goshinsa, ya miƙa sanda gaba. Ya dafa ƙasa sau ɗaya, sau biyu, a na uku sandar ta shiga iska. Ya tsuguna ya lalubo ɗan hoge ya jefa, ya kasa kunne. An daɗe kafin mu ji faɗuwarsa.

"Akwai gaɓa a can gaba?"

"Akwai, Baba, amma da nisa."

"Kamar taku nawa?"

Na duba na ce zai kai hamsin. Ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, kamar yanzu aka kawo masa labarin rasuwar. Ni kuwa da na leƙa ƙasa sai na hango sawunmu a kan yashi, da gurbin da ƙwarya ta zauna. Wurin da muka sha fura ne. Wannan karon ban ɓoye masa ba.

Na ba shi haƙuri kan jan hannun da na yi. Ya ce ya san don tausayi ne, amma kada in ƙara, don makaho ba shi da abin dogara sai gaskiyar mai jansa. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Shi bai yi ba.

Muka sake ƙetare kadarkon muka sauka. A wurin mai faɗi ya tsaya ya fuskanci alƙibla, ya yi wa mahaifiyarsa addu'a, ya haɗa da duk waɗanda aka binne tare da ita, yana kiran gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Da ya shafa, sai ya sunkuya ya tuɓe takalmansa ya miƙo mini. Na ce rana ta take, yashi ya ɗau zafi, tafiyar gida kuma ba kusa ba.

"Ruwa ya tahi da ita ta wagga hanya," in ji shi. "Ban san inda ya aje ta ba."

Na tuɓe nawa ni ma. Haka muka dawo duk tsawon kwazazzabon ba takalmi. Inda bango ya matse akwai inuwa, inda ya buɗe kuwa yashi kamar toka mai zafi. Ni ina tsalle daga inuwa zuwa inuwa, shi yana tafiyarsa ɗaya, hannu a bango. Bai sa takalmi ba sai da muka hau tudu.

Bayan la'asar na zaunar da shi a tabarma na wanke masa ƙafafu. Tafin duk ya yi bororo, wasu sun fashe. Ina shafa magani ina faɗa, wai tsoho da shi ba ya jin magana. Ya bar ni na gama, na naɗe da ƙyalle. Na tashi zan zubar da ruwan sai ya kira ni. Ya ce in matso, kamar akwai mai ji a gidan ban da kaji.

"Sittin da ukku ne," ya ce. "Na san babu wurin takawa. Ki riƙe dai."

Na ce na riƙe.