Tirelar Roba a Zaurena

Yau dattijo zai zauna yana wasa da waya, ba wanda zai dube shi sau biyu. A ƙarshen shekarun casa'in Gusau ba haka take ba. Mai furfura ba ya wasa.

Ni kuwa a Abidjan na ga magidanta suna ƙera ƙananan motoci don nishaɗi, na dawo Sabon Garin Gusau da ɗabi'ar. Nakan yanka tsohuwar jarka, in kara robar a garwashi har ta yi laushi, in lanƙwasa, in riƙe sai ta huce.

Wata safiya ina tsugune a zaure da singileti, ina haɗa kan tirela, sai na ji sallama. Dattawan Tsafe ne masu nema wa ɗansu auren 'yata. Za su Bungudu wurin yayana, waliyyinta, suka biyo su gaishe ni. Warin roba ya cika zauren, hannuwana duk baƙin gawayi, na rasa wanda zan miƙa.

Babbansu ya leƙa ya ce, "Alhaji, wagga mota za ta kai muna amarya?"

Suka yi dariya, ni na sunkuyar da kai. Tsorona kada su koma su ce uban yarinyar bai san girmansa ba, su janye.

Ba su janye ba, an ɗaura aure. Amma tun daga ranar ban sake kara roba a wuta ba.