Hoton Tunkiya

Shekarar da na sayi kyamara, ba don ina da abin ɗauka na saye ta ba. Wani mai hoto ne a bakin tashar Tambuwal zai koma gyaran babur, ya ɗora mini ita a hannu ya ce in ji nauyinta. Na ji kuwa. In ka rataya ta a wuya ka je masallaci ka dawo, yini za ka yi kana kallon ƙasa kamar wanda ya je gaida surukai. Karatun da ya ba ni duka bai fi tsawon shan shayi ba: rana ta kasance a bayanka, ka riƙe numfashi, kada ka yanke wa mutane kai. Fitilarta kuwa ya ce ta mutu tun zamanin soja, saboda haka da rana ta faɗi, aikina ya tashi.

Ni malamin firamare ne a lokacin. Abin da na ɗauka a duniya bai wuce darbejiyar makarantarmu da kajin maƙwabta ba, su ma ban wanke na gani ba. Amma kafin Juma'a ta zagayo, babu dangin da bai ji cewa na zama mai hoto ba, har waɗanda ke kiwo a daji. Ana cikin haka bikin 'yar yayata ya taso a Kebbe, aka aiko cewa in zo da kayan aikina.

Yarinyar ita ce 'yar fari a wajen Yaya. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna a gaban mutane cewa nata ne. Kowa na yi daidai gwargwado, amma Yaya ta ɗauki abin kamar a kanta aka saukar da shi. Ana yaye yarinyar aka kawo ta gun tsohuwarmu a Tambuwal, nan ta girma ta yi karatu, sai bayan tsohuwa ta rasu ta koma Kebbe. Ko da ta koma, sunanta a bakin Yaya “waccan” ne, ranar da aka tashi da fara'a kuma “ɗiyar mutane”. In za ta aike ta, bango take fuskanta ta ce da za a sami mai ɗebo ruwa da an ji daɗi. Bangon gidan nan ya sha aike, har na taɓa cewa a yi masa ɗinkin salla.

Na hau babur da sassafe, kyamara a ƙirji cikin tsumma kamar jinjiri. Hanyar Kebbe a lokacin akwai ramin da in jaki ya faɗa sai dai ka ji kukansa daga ƙasa. Na isa haƙorana na neman canza wurin zama.

Kafin in sha ruwa aka ce amarya na kirana. Na same ta a ƙuryar ɗaki cikin ƙawayenta, hannu da ƙafa sun sha lalle. Mijin da za ta aura ɗan Tambuwal ne, amma fataucin albasa ya zaunar da shi a Kudu. Kwanaki kaɗan za ta yi a gidan iyayensa su wuce can, kuma wanda ya je can sai salla ake ganinsa, wata sallar ma ba a gani. Ta jira ƙawayen suka shiga surutunsu, sannan ta yi ƙasa da murya.

“Kawu, abu guda nika so. Ni da Inna, hoto guda. In tafi da shi.”

Na buga ƙirji na ce wannan ai ƙaramin aiki ne, ni da na ɗauki kaji suna gudu. Ta yi murmushi kawai. Ta fi ni sanin wadda za mu yi da ita.

Wajen ɗaurin aure ban sha wuya ba, sai dai mutanenmu da ganin kyamara sai su daina zama mutane. Dattijon da yanzu yake dariya goro na zuba daga bakinsa, ina ɗaga ta sai ya ƙame kamar an ce za a yi masa allura. Na ce a saki jiki, aka ƙara ɗaurewa. Wani tsoho ya sa na jira ya aika gida a kawo masa rediyonsa, don ba zai shiga hoto ba shi ba. Ango da abokansa suka jera, kowa ya turo hannunsa mai agogo gaba. Duk wanda na wuce sai ya ja mini riga, ni kuma ina jin fim na raguwa a ciki kamar hatsi a rumbun bazara. Daga baya na koyi dabara: in ɗaga, in durƙusa, in yi ƙara da harshena, in ce an gama. Akwai mutanen Kebbe da har yau suke jiran hotonsu na ranar nan, Allah ya ba su haƙuri.

Bayan azahar na shiga cikin gida. Na sami Yaya a ɗakin maƙwabciyarta, inda ta ɓuya tun safe kamar bikin wasu ake yi. Na zauna, na yaba tuwo, na yaba miya, na yi ta kewaye har na iso inda za ni. Ta dube ni daga hula zuwa takalmi. Ta ce ashe boko yana cinye kunyar mutum har ƙashi. Ta ce in je in tambaya ko an taɓa ganin tsohuwarmu tsaye kafaɗa da kafaɗa da babban wanmu. Ta ce ga gwaggonni nan cike da gida, in ɗauke su da ɗiyarsu, ita me ya haɗa ta da ɗiyar mutane.

Na koma na sake shiri. Na sa aka yi shela cewa duk matan gida su fito tsakar gida, hoton taro za a yi, ba a ware kowa. Aka fito kuwa, har da waɗanda suka shigo aron rariya. Aka sa amarya a tsakiya. Na hango Yaya can ƙarshen layi, rabin jikinta a bayan wata mai jiki. Na ce alhamdu lillahi, na sa ido a kyamara, na riƙe numfashi yadda aka koya mini. Kafin in danna, wurin da take tsaye ya zama bango. Ban ga fitarta ba, ba wanda ya gani. Amarya ta ja mayafinta ta rufe fuska, aka mai da ita ɗaki.

La'asar ta yi, inuwar katanga ta cinye tsakar gida. Motar ɗaukar amarya ta iso tana ƙofar gida, direba na ta danna oda. Na duba kyamara, fim saura na ɗauka ɗaya. Na bi ta bayan gidan zuwa wajen rumbuna, don nan ne kawai sauran rana take, in tsaya in yi tunanin abin da zan gaya wa yarinyar nan.

Can na tarar da Yaya ita kaɗai, tana zuba wa wata tunkiya dusa. Tunkiyar amarya ce. Asalinta 'yar tunkiyar da tsohuwarmu ta ba yarinyar ranar suna, aka yi ta haihuwa ana sayarwa, wannan ce ta rage, kuma Yaya ke kiwonta. Na tsaya daga gefe. Ba ta dube ni ba. Sai da ta gama karkaɗe ƙwarya, sannan ta yi magana, tana fuskantar rumbu.

“Wanga abu naka, yana ɗaukar dabba?”

Na ce har raƙumi, in ya sunkuya.

“To ga tunkiya nan. Mai ita za ta tafi ta bar ta. Da za a sami mai kiran ta, da an ɗauke su tare.”

Ban taɓa gudu da kyamarar nan ba sai ranar. Na roƙi gwaggon da ke tsaron amarya ta ba ni aron ta, na rantse ba za mu daɗe ba. Aka fito da ita ta ƙofar baya, lulluɓe. Ta durƙusa kusa da tunkiya, ta ɗage mayafi kaɗan, ta ɗora hannu a bayanta. Tunkiyar nan da na san ta, in ta sa kai a dusa ko ganga aka buga ba ta motsi. Amma Yaya ta kwance igiyar daga turke, ta ce wa rumbu dabbar nan ba ta tsayawa sai an riƙe ta.

Da farko ta tsaya nesa, iyakar tsawon igiya. Na ce tunkiya na ja, a ɗan rage. Ta naɗe igiya a hannu sau ɗaya. Na ce har yanzu tana ja. Ta ƙara naɗewa. Tunkiya dai tana tsaye tana tuƙa, ba ta san laifin da ake ɗora mata ba. Haka muka yi ta yi har igiya ta ƙare, gefen zanen Yaya ya taɓa kafaɗar yarinyar. Fuskarta na kallon gefe, amma na ga ta gyara ɗaurin ɗankwalinta da ɗayan hannun. Rana na bayana. Na riƙe numfashi na danna.

Yaya ta mai da igiya turke, ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Aka yi guɗa a cikin gida, aka sa amarya a mota.

Sai Sakkwato ake wanke fim, don haka washegari na kama hanya. Da mai wankin ya miƙo mini ambulan, sai da ya tambaya ko gaba nake da mutanen Kebbe. Rabin dattawan ba kai, sai manyan riguna a jere kamar shagon tela. Tsohon nan rediyonsa ya fito tas, shi kuwa daga haɓa ya tsaya. Na yi ta juyawa har na kai na ƙarshe.

A daidai lokacin da na danna, tunkiya ta juya kai, ta fito kamar hayaƙi mai ƙafafu. Amma su biyun sun fito sarai. Yarinyar na kallon kyamara, idonta ya yi ja. Yaya na kallon rumbu, hannunta mai igiya a kan kafaɗar ɗiyarta. Ni dai ban ga lokacin da ta ɗora shi ba. Na ce a wanke mini guda biyu.

Na kai wa amarya nata a gidan surukanta ana gobe za su wuce Kudu. Ta riƙe shi ta daɗe tana kallo. Na fara ba ta haƙuri a kan tunkiyar da ta lalace, ta ce, “Kawu, bar shi hakanan.” Ta buɗe akwatinta ta sa shi can ƙasa tsakanin zannuwa, ta rufe.

Ɗayan na riƙe a aljihu ban aika ba, ina so in ga gudun ruwan Yaya. Ba a yi wata ba sai ga saƙo ta bakin wani ɗan acaɓa mai zuwa Kebbe: wai ina hoton tunkiyarta. Na kai da kaina. Ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa wajen haske, ta kai shi nesa ta kawo kusa. Ta ce dama ta san ban iya ba, dubi yadda na ɓata dabba mai kyau. Na ce to ta ba ni abina in je in gyara. Ta ce a'a, tunda an riga an yi asarar fim, a bar shi nan.

Tunkiyar ta daɗe da zama tarihi, kyamarar ma tana cikin wani kwali, yara sun cire mata ido. Hoton kuwa yana ɗakin Yaya, a jingine cikin kabad tsakanin kwanonin jerenta, gefensa ya yi laushi don taɓawa. In jikokinta na Kudu suka zo hutu suka tambaye ta su waye a ciki, sai ta ce tunkiya ce, da mai ita.