Maganar da Inna Ta Yi Mini

Ni ɗan fari ne, mahaifiyata kuma Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Giade, aure ya kawo ta cikin garin Azare. Wanda ya san kunyar Fulani ya riga ya gane sauran zancen. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma duban idona ta yi mini magana. In tana so in ci abinci, sai ta dubi turmi ta ce, "A gaya wa wancan tuwo zai huce." In na yi ɓarna, kaza ce ke shan faɗa. Kajin gidanmu sun sha wa'azi fiye da kowane yaro a unguwar. Mata suna yaba mata, wai ta iya kawaici. Ni kuwa in na ga ƙannena suna hawa cinyarta tana yi musu wasa, sai in kau da kai. Kishi nake yi, har da turmin.

Bayan an gama yaƙin duniya na biyu da 'yan shekaru aka kai ni makarantar midil a Bauchi. Malaminmu na Turanci wani dogo ne mai saurin hannu, kuma abu ɗaya ya sa a gaba. Ya ce akwai abin da ya wuce ya yanke, akwai kuma wanda ya wuce amma ɗuminsa na nan, kamar murhun da aka sauke wa tukunya, kuma Bature ba ya faɗinsu iri ɗaya. Da hutu ya zo, ya ɗora mana jimloli mu haddace. Saboda tsoron bulalarsa, kullum ina gindin rumbu ina rerawa kamar mai tilawa: "Have you eaten? Yes, I have eaten. I ate yesterday."

Wata rana mahaifina, wanda dillalin fata ne, ya dawo daga kasuwa ya tarar da ni.

"Kai, wannan gwarancin me yake nufi?"

Na ce, "Baba, tambaya ce. Wai ka ci abinci?"

"Au! Duk Bauchin da aka kai ka abin da ka samo ke nan? Ai da kakarka ta koya maka kyauta."

Inna tana gefe tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, gida ba kowa, ta zo wucewa da ƙwaryar nono sai ta tsaya a kaina. Na ji ta ce, "Habiyu itin?" Na waiga in ga kaza ko turmi, babu ko ɗaya a kusa. Ni take kallo. Tambayar nan tawa ce a bakinta. Na miƙe tsaye kamar a aji, na ce, "Yes, I have eaten." Ta rufe baki da gefen mayafi, ta wuce da sauri nonon na tangaɗi.

Daga baya na fahimci lissafinta. A wurinta kunya ta hau kan Hausa da Fulatanci ne, iyaye da kakanni ba su bar wata doka a kan yaren Nasara ba. Ta samu ƙofar da ba a sa wa mai gadi ba, ta shige. Har hutun ya kusa ƙarewa, duk sanda ido ya ɗauke sai ta jefo mini tambayar, ko da yanzu ta ga na suɗe kwano. Na yi dabarar ƙara mata wasu jimlolin, ina karantawa da ƙarfi ina fassara wa rumbu. Ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Waccan ta ishe ta, ni ma ban taɓa jin daɗi irin na wannan hutu ba.

Gwaggona, yayar Baba, ita ta kama mu. Ta shigo ba sallama, ta riƙe haɓa ta ce, "Lallai duniya ta zo ƙarshe! Yau ɗan fari ake yi wa hira, har da Turanci?" Kafin mako ya zagayo zancen ya kai gidan suna da bakin rijiya. Inna ta koma wa turminta. Na tafi makaranta ba ta sake ce mini uffan ba, na kuma ƙullaci Gwaggo ƙullatar da ban taɓa yi wa wani mahaluƙi ba.

Da kaka ta shekarar da ta biyo baya aka aiko makaranta cewa Inna ba lafiya, in zo. Motar da na samu ta lalace a daji, muka kwana a hanya, ban sa komai a cikina ba sai ruwa. Na iso Azare bayan la'asar. Ɗakin Inna cike da mata, Gwaggo na zaune a wajen kanta. Inna ta rame har na kusa kasa gane ta. Da ta gan ni sai ta juya fuska ga bango, yadda ta saba. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, wasu suka amsa a madadinta.

Can sai muryarta ta fito, siririya: "Habiyu itin?"

Matan suka hau salati. Wata ta ce zazzaɓin ya hau kai, sambatu take yi. Mu biyu kaɗai muka san ba sambatu ba ne. Na dubi Gwaggo ina jiran abin da zai fito daga bakinta, na shirya mata rashin kunya. Sai na ga hawaye a fuskarta. Ta ce, "Ɗan nan, ka amsa mata mana."

Tun jiya rabona da abinci. Na ce, "Yes, I have eaten."

Ta gyaɗa kai, fuskarta na bango. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Na yi shekaru ina koyar da Turanci a Katagum da Jama'are. Duk shekarar da muka iso wannan darasi, sai in rubuta tambayar a allo in sa wani ɗalibi ya karanta, don bakina ba ya iya furta ta. Yara suna zaton gwada su nake yi. Ba su san cewa ita ce duk hirar da muka yi da mahaifiyata a duniya ba, da harshen da ba nata ba, kuma amsar ƙarshe da na ba ta ƙarya ce.