Jirgin da Wendell Ya Hana Tashi

Wendell Kroupa ya gaji shanu da rijiyoyi daga mahaifinsa a tuddan yashin Nebraska, amma jirgin samansa, da guminsa ya saye shi tun yana saurayi. Ja ne, mai inji ɗaya, kujera biyu a gaba, biyu a baya. Da shi yake zagaya makiyayarsa da sassafe, ya leƙa ta taga ya ga wane famfo mai aiki da iska ne ya daina jawo ruwa, wane shinge ne ya faɗi, wace saniya ce ta ware daga garke za ta haihu. Aikin da zai ci wa mai doki yini biyu, shi kafin hantsi ya gama, ya dawo ya tarar da matarsa Verna ta ɗora kofi.

Mutum ne mai amana, wannan ba wanda ya taɓa musu. Bai taɓa sayar da saniya mai ciwo ya ce lafiyarta ƙalau ba, kuma idan dusar ƙanƙara ta toshe hanya, shi ke ɗaukar marar lafiyan maƙwabta zuwa asibiti ba tare da ya karɓi kuɗin mai ba. Aibinsa guda ne, kuma ya isa: ba ya iya ganin abin da ya ƙware a kansa yana kyau a hannun wani.

Wanin nan kuwa ba baƙo ba ne. Lyle Haugen ne, ƙanen Verna, mai shagon abincin dabbobi a gari. Wendell da kansa ya fara ɗora hannun Lyle a kan sitiyarin jirgi, ya yi masa faɗa damina guda cur kafin ya tura shi ya samo lasisi. Muddin Lyle na kuskure, zumuncinsu lafiya lau. Matsala ta faro ne wata Asabar, a rumfar filin jirgin gari inda matuƙa ke taruwa su ci fanke su yi gardama. Lyle ya sauko da wani tsohon farin jirgi da shi da wasu mutum uku suka yi tarayya suka saya, sai wani dattijo ya ajiye cokalinsa ya ce, "Kai! Yaron nan ko ciyawa ba ta san ya sauka ba. Wendell, ɗalibinka fa ya wuce ka."

Aka yi dariya, Wendell ma ya yi. Dattijon ya manta da maganar kafin ya gama kofinsa. Wendell ya riƙe ta shekara ashirin.

Akwai al'ada tsakaninsu: matuƙi idan ya bi ta saman gidan wanda ya sani, sai ya kaɗa fukafukai hagu da dama, na ƙasa kuma ya cire hula ya ɗaga masa. Wendell ya sha yi wa mutane haka. Daɗin abin, in za a faɗi gaskiya, yana wajen wanda ke sama.

Yana cikin shekarunsa na sittin da wani abu zuciyarsa ta fara tsalle ba bisa ƙa'ida ba, kuma likitan da ke duba lafiyar matuƙa ya ƙi sabunta masa takarda. Doka ba ta hana shi shiga jirginsa ba. Abin da ta hana shi shi ne kujerar hagu, wadda ta mai tuƙi ce. Yana iya zama a dama, matuƙar akwai mai lasisi a hagu.

Lyle ya zo da wannan shawara tun makon farko, ya jingina da ƙofar rumfar jirgin yana cin gyaɗa.

"Yaya, Asabar in zo mu ɗaga shi? Ka zauna dama ka yi ta yi mini faɗa kamar dā. Na san ka yi kewar zagina."

"A jirgina? In zauna dama kamar buhun dusa?"

"Haba, buhun dusa ai shiru yake yi. Kai kuwa kafin mu bar ƙasa ka gaya mini laifina bakwai."

"Je ka tuƙa farar akwalarku, yaro."

"Yaro mai jikoki biyar! To ka bar ni in riƙa zagayawa da shi ni kaɗai, ko sau biyu a wata, don injin ya sha iska."

"Ba ya jin ƙishirwa," in ji Wendell, ya ja ƙofar rumfar ya rufe.

Da aka shekara, Verna ta ce a sayar, kuma ya yarda, domin shi mutum ne mai son a ce yana da hankali. A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura da yadda mutum mai gaskiya yake yi wa kansa ƙarya ta hanyar lissafi.

Farashin tsohon jirgi ba a ɓoye yake ba. Ana duba awoyin da injin ya yi tun gyaransa na ƙarshe, da lafiyar gangar jiki, da fenti, da na'urorin gaban matuƙi, da ko ya taɓa faɗuwa, da ko a rumfa yake kwana ko a rana. Sannan a dubi abin da irinsa ya kama a kasuwa. Lyle ya yi wannan duka, ya zo falon yayarsa ya taya dala dubu sittin da biyar. Tayi ne na adalci, har da ɗan ƙari na zumunci, kuma Wendell ya fi kowa sanin haka, domin da wani ne ya tambaye shi darajar jirgin maƙwabci irin wannan, adadin da zai faɗa ke nan.

Amma yayin da Lyle ke magana, Wendell ba lambobi yake gani ba. Safiyar Asabar yake gani: shi tsaye a tsakar gida da bokitin ruwan kaji, jan jirginsa ya taso daga gabas, ya kaɗa masa fukafukai, shi kuma dole ya cire hula. Sannan ya ga rumfar filin gari, ana cewa ashe jirgin nan ya iya sauka a hankali, hannu ne bai samu ba sai yanzu.

"Dubu casa'in da biyar," ya ce.

Lyle ya yi dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya daina. "Yaya, da zinariya ka yi masa fentin?"

"Injinsa bai yi awoyi da yawa ba. Duk jihar nan ba ka samun irinsa. In ba ka da kuɗi ka ce ba ka da kuɗi."

Verna ta ajiye faranti da ƙarfi. "Wendell, ƙanena ne fa."

"Shi ya sa na gaya masa kafin in sa a jarida."

Hujjarsa tana da siffar gaskiya. Inji mai ƙarancin awoyi ya fi tsada, haka ne. Daga nan ya ɗora hujja ta biyu: tunda kowace awa a sama tana rage daraja, barin Lyle ya tashi da jirgin asara ce, ajiye shi kuwa tattali ne. Da wannan ya mayar da rowarsa hikimar kasuwanci, ya kwanta da ita cikin natsuwa. Abin da ya tsallake shi ne sharaɗin da ke ƙarƙashin hujjar farko: ƙarancin awoyi yana da daraja ne idan injin yana tashi a kai a kai. Injin jirgi da ke zaune, raɓa na taruwa a cikinsa. Sai ya yi zafi na tsawon lokaci a sararin sama kafin danshin ya ƙone ya fita.

Wendell ya san wannan. Don ya rufe bakin saninsa, sai ya ƙirƙiro wata al'ada. Kowace Lahadi bayan coci, yakan turo jirgin bakin rumfa, ya hau kujerar hagu, ya tayar da injin, farfela na juyawa, ciyawa na kwanciya a bayansa, ya zauna hannunsa a kan sitiyari yana kallon titin tashin jirgi da ba zai bi ba. Bayan 'yan mintoci ya kashe. Verna takan hango shi ta tagar kicin, ba ta taɓa cewa komai ba, domin ta gane ba injin yake ɗumamawa ba.

Lyle ne ya kasa yin shiru. "Yaya, wa ya koya mini cewa tayar da inji a ƙasa ya fi barinsa illa? Wa ya ce yana ɗumi ne kawai ya yi gumi a ciki, ya kwana da tsatsa? Har rankwashi na sha a kan wannan karatun."

"Nawa injin daban ne."

"Eh, na ga alama. Har da mai shi."

Hunturu biyu suka wuce. Masu kiran waya suna jin farashi sai su yi godiya su ajiye. Wendell bai damu ba, kuma wannan rashin damuwa ita ce shaida mafi ƙarfi a kansa, domin mai son sayarwa da gaske shirun kasuwa yana hana shi sukuni. Daga ƙarshe wata likitar dabbobi daga Montana, Joleen Tvedt, ta ga hoton jirgin ta ƙyasa. Montana da nisa, jirgin da ya tafi can ba zai bi ta saman gidansa ba, don haka nan take Wendell ya sauko da farashi har ƙasa da abin da ya yanka wa surukinsa. Verna ta ji shi a waya, ta dube shi, ya kau da kai.

Joleen ta zo da makanikenta, kamar yadda kowane mai saye yake yi kafin ya biya. Makaniken ya zare matatar baƙin mai, ya yanka ta, ya shimfiɗa takardar cikinta a rana. Ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna ƙyalli a jikinta kamar an barbaɗa gishiri. Ya miƙa wa Wendell takardar. Wendell ya sa yatsa ya shafa, ya san tsatsa ta ci cikin injin, ƙarfe yana cin ƙarfe.

"Baba, jirginka kyakkyawa ne," in ji Joleen, "amma wannan sai an sauke injin gaba ɗaya. Ni kuwa mai tashi nake nema, shanun mutane ba sa jira." Ta sha kofin Verna, ta yaba, suka tafi.

Kafin Asabar labari ya kai rumfar fanke. Lyle ya zo ran Litinin, wannan karon babu gyaɗa, babu zolaya.

"Yaya, dubu arba'in. Zan sa a sauke injin a sabunta shi da kuɗina. Sunanka da ke jikin ƙofa ba zan goge ba. A rumfarka ma zai riƙa kwana in ka yarda. Ran da ka so, ka hau dama, ko kada ka hau. Kada dai ka bari ya mutu a nan."

Ba za a yi wa Wendell adalci ba idan aka ce maganar ba ta taɓa shi ba. Ya daɗe yana kallon jirgin. Sai dai kirkin Lyle ya zame masa wani sabon abin kishi: ga shi ya fi shi sauka, yanzu kuma zai fi shi hali, kuma kowa zai sani.

"Zan yi tunani," ya ce.

Akwai wani dillali daga Kansas da ke sayen jiragen da suka gaza, ya wargaza su ya sayar gunduwa-gunduwa. Ya taya dubu talatin da biyu a waya. Wendell ya tambaye shi abu ɗaya kawai, ko jirgin zai sake tashi. Dillalin, yana zaton tausayi ne, ya ba shi haƙuri ya ce a'a. Wendell ya ce ya sallama.

Mutanen dillalin suka zo da tirela wata safiya. Cire fukafukan bai ɗauke su lokaci ba, ƙusoshi kaɗan ne ke riƙe da su. Suka jingina su a gefen gangar jikin, suka ɗaure da igiya. Wendell ya tsaya har aka gama, ya taya su riƙe wutsiya don kada ta karce.

Verna ta fito bakin ƙofa tana goge hannu. "Ka gwammace a yanka shi da ka gan shi a hannun Lyle."

"Ciniki ne. Ba a haɗa ciniki da dangi."

"Wane irin ciniki ne mai sayarwa ke zaɓen wanda ya taya ƙasa? Ni za ka gaya wa? Shekara arba'in ina wanke maka riga." Ta koma ciki.

Lyle bai zo gidan ba har bayan Kirsimeti, kuma da ya dawo bai sake tayar da maganar ba. Wendell yana nan da ransa. Ya ba wani maƙwabci hayar makiyayar, rumfar jirgin kuma yanzu ciyawar shanu ake tarawa a ciki. Ba ya zuwa cin fanke.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne cewa sama ba tasa ba ce da zai sayar. Tsohon farin jirgin tarayya yana nan, kuma hanyar Lyle zuwa filin gari ta saman gidan yayarsa ta bi. Safiyar Asabar ƙarar takan taso daga gabas, Wendell yana tsakar gida da bokitin kaji. Farin jirgin ya sauko kaɗan, ya kaɗa fukafukai hagu da dama. Verna ta fito da tsumman goge kwano tana ɗagawa.

Wendell ba ya cire hula. Amma ba ya iya hana kansa ɗaga kai, ya bi jirgin da ido har ya ɓace bayan tudu.

"Ya yi ƙasa da yawa," yakan ce, ya ci gaba da zuba wa kaji ruwa.