Matar da Na Bari a Kwance

A shekarar da Adda ta kwanta ciwo ina tsakiyar wani labari da nake saki shafi-shafi a waya. Haka muke yi yanzu, ki rubuta yau, ki tura zauren masu karatu yau, kafin ki ajiye wayar an fara yi miki sharhi. Abin da ya fita ya fita, ba damar komawa gyara. Ni kuwa don iyayi sai na buɗe labarin da zaman makokin jarumar, wata malamar firamare, sannan na koma baya ina ba da tarihinta. Kowa ya san mutuwa za ta yi. Aka yi ta yabona wai sabon salo ne, kaina ya yi ta kumbura.

Adda yayata ce, ita ta raine ni bayan rasuwar innarmu. Tana aure a Kagarawal, ni ina Dawaki. Idonta ba ya jure dogon karatu a waya, don haka in na je gidanta sai ta ce in karanta mata tana gyaran wake. Ba ta taɓa cewa ya yi daɗi ba. In ta yi shiru, to ya yi. In ta ɗago ta kalle ni ta gefen ido, ranar da ɓacin rai nake komawa gida.

Na kai malamar gadon jinya ke nan, saura shafin da za ta cika, sai ƙafafun Adda suka fara kumbura. Aka ce ƙoda ce, aka fara yi mata wanki.

Daga nan rubutu ya tsaya mini cak. In na sallami yara makaranta sai in zauna in ɗauki waya, da na buɗe wurin rubutun gabana ya fara faɗuwa. In rubuta layi ɗaya in goge. In tashi in wanke kwanukan da na riga na wanke. Na san sarai ajali ba a babban yatsana yake ba, da wata ce ta zo mini da wannan tunanin da na yi mata wa'azi. Amma can cikin raina na yarda cewa ranar da na kashe malamar nan, Adda za ta bi ta. Tsoro nake ji, kuma ina jin kunyar tsoron, shi ya sa ko maigidana ban gaya wa ba.

Masu karatu kuwa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. "Anti, mun ji ki shiru." "Ko data ce ta ƙare mu yi miki karo-karo?" Wata ta ce dama haka marubuta suke, da sun ga sun yi suna sai jan aji. Na rubuta mata amsar da in ta karanta ba za ta ci abinci ba ranar, sannan na goge. A tsawon watannin nan wannan ne kaɗai rubutun da ya zo mini da sauƙi.

Wata rana bayan la'asar na hau acaɓa na je Kagarawal. Kwana ɗaya ke nan da yi mata wanki, tana kwance a tabarma a inuwar baranda, ta rame ta yi duhu. Na fara kawo mata hirar tsadar kaya a kasuwa, ta katse ni.

"Ke auta, ina matar nan?"

"Wace mata, Adda?"

"Malamarki. Kin kwantar da baiwar Allah a gado wata da watanni, ba ki warkar da ita ba, ba ki sake ta ta huta ba. Wannan ai mugunta ce."

Na ce ayyuka ne suka yi mini yawa. Ta kalle ni ta gefen ido.

"Don ni kika tsaya, na sani. To ni ba ki riƙe ni da komai ba, sai jira da kika bar ni da shi. Ina so in ji ƙarshensa da kunnena. Ɗauko wayar."

Na ɗauko. Ina kuskuren haruffa kamar 'yar koyo, amma tana kallona, ba wurin gudu kuma ba kwanon wankewa. Na rubuta malamar ta tara 'ya'yanta tana yi musu wasiyya, dogon jawabi a kan haƙuri da zumunci. Na karanta mata, ina jiran ta yi kuka.

Dariya ta yi, har tari ya kama ta.

"Wa ya gaya miki mai ciwo yana da ƙarfin wannan huɗubar? Ke dai ba ki taɓa kwanciya ba. Ni nan da kike gani, ba wasiyya nake tunani ba. Ruwa nake tunani."

Ta nuna mini wani ɗan kofi a gefen matashinta. Likita ya ƙayyade mata abin da za ta sha a yini, kuma na ranar ya ƙare tun azahar. Kullum ina zuwa gidan nan, ina ganin kofin, ban taɓa tambaya ba.

"Goge wa'azin," ta ce. "Ki ba ta ruwa. Na randa, mai sanyi, a cika moɗa. Kada kowa ya riƙe mata hannu, kada kowa ya ce ya isa haka."

Na goge. Na rubuta 'yar malamar ta ɗebo ruwa daga randar da ke gindin bishiya, moɗar tana naso a hannunta. Malamar ta kafa kai, ana jin ƙarar maƙogwaronta, ruwan yana zuba ta gefen bakinta yana jiƙa mata wuyan riga. Ta shanye ta miƙa a ƙaro, aka ƙaro. Ta yi hamdala ta kwanta. Na kai ƙarshe na tura zauren ko sake dubawa ban yi ba.

Adda ta rasu kafin damina ta kama. Ina rubutu har yau, faɗuwar gaban ma tana nan, sai dai na daina jiran ta tafi kafin in fara. Shafin nan kuwa ban sake buɗe shi ba.

A ranar da na rubuta shi ɗin, da na gama karanta mata, ta daɗe ba ta ce komai ba, idonta a rufe. Na ɗauka barci ne ya ɗauke ta, na fara neman takalmina a hankali. Sai ta lashi busasshen leɓenta.

"Auta," ta ce, "sake karanta mini wurin da ta ce a ƙaro."